TUN RAN GINI, RAN ZANE: BATUN RUFIN KWALTA A GINE-GINEN GWAMNATI

Kowace shekara, da zarar damina ta sauka, sai a ji kuka iri ɗaya yana tasowa daga makarantu da asibitoci da ofisoshi, cewa rufi yana yoyo. Inda abin ya fi tsanani kuwa shi ne gine-ginen nan masu shimfiɗaɗɗen rufi na kankare, wanda magina ke kira dekin. Sai ka shiga ofis ka tarar an jera bokitai tsakanin tebura, an janye kabad ɗin takardu daga jikin bango. Ka shiga ɗakin majinyata ka ga an ture gado gefe guda don kada ruwa ya ɗiga a kan mara lafiya. Daga nan a kai kuka Ma'aikatar Ayyuka, a ware kuɗi, a ba da kwangila, ma'aikata su hau da tabarmar kwalta da tukunyar gas su liƙe rufin. Bayan damina biyu ko uku sai a koma gidan jiya. Ganin haka ya sa mutane da yawa suka yanke hukunci, suna cewa wannan kwalta aikin banza ce, Turawa sun yi ta ne don ƙasarsu mai sanyi, ba ta iya jure ranarmu.

Mu dai ba mu yarda da wannan hukunci ba. Abin da mu ke gani shi ne, tabarmar kwalta kaya ce mai kyau, amma tana da sharuɗɗa uku, in an rasa ɗaya an rasa duka: a ba ruwa hanyar sauka, a sa wanda ya iya aikin, a kuma riƙa duba rufin kowace shekara. Abin mamaki kuwa, waɗannan sharuɗɗa uku ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Da su kakanninmu suka zauna cikin soraye shekaru aru-aru.

Kafin mu shiga bayanin sharuɗɗan, ya kamata mai karatu ya san ko mene ne wannan kaya da mu ke magana a kansa. Kwalta ita ce baƙin laka mai danƙo da ke saura bayan an tace man fetur, a kan kuma same ta a ƙasa yadda Allah Ya halicce ta. 'Yan Adam sun daɗe da sanin ba ta shiri da ruwa. Mutanen Iraƙi na dā suna ɗibarta daga maɓuɓɓugan garin Hit, a bakin kogin Furatu, suna shafe jiragen ruwa da gine-gine. A kangon birnin Mohenjo-daro, cikin ƙasar Pakistan ta yau, an tono wani babban kwarmin wanka da aka tsare da kwalta fiye da shekara 4,000 da suka wuce. Amma kwalta zalla tana da aibi biyu. In ta sha zafi ta kan yi laushi ta zurare, in ta sha sanyi ko ta tsufa a rana ta kan bushe ta tsattsage. Don haka tsohuwar hanyar rufi, watau a dafa kwalta cikin duro a yi ta shafawa ana shimfiɗa takarda mai kauri bisa takarda, ta kan ba da wahala ƙwarai.

Maganin wannan aibi daga Turai ya fito. A 1954 wani masani ɗan Italiya, Juliyo Natta, ya gano hanyar yin robar nan da a ke kira folifurofilin, wadda da ita a ke yin buhunan hatsi da kujerun roba. Ya kuwa sami lambar Nobel a 1963. Masana'antun da ke yin wannan roba suna fid da wani tarkace mai danƙo wanda da farko ba a san abin da za a yi da shi ba. Cikin shekarun 1960 sai Italiyawa suka gano in an gauraya tarkacen nan da kwalta, sai ta daina zurarewa a rana. Wannan iri shi ne a ke rubuta wa APP a jikin naɗi, ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 150 a ma'aunin Salshiyas. Ba da daɗewa ba, a Faransa da Jamus, aka fito da wani iri mai suna SBS, wanda a ke gauraya shi da roba mai talewa kamar danƙo, ya fi jure sanyi da motsin gini, amma ya kan yi laushi kafin na farko. Daga Turai kayan suka ƙetara Amurka cikin shekarun 1970, suka kuma bazu duniya.

Yadda a ke yinta shi ne, a sami ƙyalle mai ƙarfi na zaren roba ko na zaren gilashi, a lulluɓe shi ciki da baya da wannan gaurayayyar kwalta, a naɗe kamar tabarma. Naɗi ɗaya galibi mita 1 ne a faɗi, mita 10 a tsawo, kaurinsa milimita 3 ko 4. Wajen aiki, sai a share kankare tas, a shafa masa ruwan kwalta na fari, a bari ya bushe. Sa'an nan ma'aikaci ya kunna wutar gas, ya riƙa gasa ƙasan tabarmar yana warware ta sannu sannu, kwaltar tana narkewa tana kama kankare. Kowace tabarma tana hawa bakin 'yar'uwarta, a gasa mahaɗar har kwalta ta ɗan ɓullo a gefe. In an yi aikin bisa ƙa'ida, rufin ya kan yi shekara 15 zuwa 20, wani ma ya wuce haka. To, in namu yana mutuwa cikin shekara uku, lalle akwai dalili, gama ruwa ba ya tsami banza.

Mu ɗauki sharaɗi na farko, watau hanyar ruwa. Duk wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Katsina ko Damagaram ya san rufin soro. Bayan an jera azara an bi da tabarma ko zana, an ɗora ƙasa, magini ba ya barin saman rufin a kwance kamar faifai. Ya kan ɗan tudunta shi, ya karkata shi wajen indararo, indararon kuma ya miƙe waje sosai don ruwa ya zuba nesa da gindin bango. Daga baya a bi da makuba, ko laso wanda a ke haɗawa da katsi na marina da gashin jima da dafara. Da irin wannan sani ne Babban Gwani Mika'ilu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ƙasa da azara kawai. Maginan nan sun san cewa ƙasa ba ta iya jayayya da ruwa, sabo da haka ba su bar shi ya kwana a kan rufi ba.

Da siminti da rodi suka zo, musamman daga shekarun 1950 zuwa zamanin arzikin mai na shekarun 1970, aka gina kwalejoji da asibitoci da sakatariyoyi masu yawa da rufin kankare. Ƙarfin kankare ya ruɗi mutane, suka zaci tun da dutse ne, ko ruwa ya kwanta a kansa ba kome. Alhali kuwa kankare yana shan ruwa, yana kuma tsagewa, gama da rana ya kan buɗe da zafi, da dare ya tsuke, balle a lokacin hunturu. A ƙa'idar Ingila, shimfiɗaɗɗen rufi bai kamata gangararsa ta gaza kashi 1 cikin 80 ba bayan an gama, har ma a kan shawarci mai zane ya zana 1 cikin 40 don kuskuren aiki. A Amurka su kan nemi rubu'in inci a kowace ƙafa. Ma'anar 1 cikin 80 ita ce, rufin da ya kai mita 8 daga tudunsa zuwa indararo, ya zama ya sauka da santimita 10. Ɗan abu ne, amma a kansa a ke cin riba ko a fāɗi.

Bari mu yi ɗan lissafi don a ga nauyin al'amarin. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1, lita ɗaya ke nan, nauyinsa kilo ɗaya. Rufin da ya kai murabba'in mita 200, in aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50, irin wanda a kan samu cikin Agusta, ya karɓi lita 10,000, watau duro 50, nauyin tan 10. In indararo biyu ne kawai, ɗaya kuma ganye da leda sun toshe shi, ina ruwan nan zai nufa? Sai ya kwanta yana neman ƙofa, ko da ta kai bakin allura. Masu sana'ar rufi a ƙasashen waje suna da ƙa'ida cewa ruwan da ya wuce awa 48 a kan rufi bayan an ɗauke, alama ce rufin yana da ciwo. Sabo da haka duk wanda ya shimfiɗa tabarmar kwalta a kan rufi mai kwari, bai fara gyara gangara da dāɓen siminti ba, bai kuma ƙara indararo ba, tafki ya gina a kan mutane.

Sharaɗi na biyu shi ne gwanin aiki. A dā gini sana'ar gado ce, yaro ya kan yi shekaru yana miƙa tubali kafin a yarda ya ɗaura azara, kuma akwai Sarkin Magina da za a kai wa ƙara in aiki ya ɓaci. Yau kuwa duk wanda ya mallaki tukunyar gas da tiyo sai ya ce shi mai liƙe rufi ne. Ga shi kuwa aikin nan duk a hannu ya ke. In wuta ta yi kaɗan, tabarma ba ta kama ba, sai a ga kamar ta liƙu, iska da ruwa kuwa suna yawo a ƙarƙashinta. In wuta ta yi yawa, ƙyallen ciki ya ƙone, ƙarfin tabarmar ya tafi. In aka shimfiɗa a kan kankare mai laima, rana tana bugawa laimar ta zama tururi, tabarma ta kumbura ta yi bororo, wata rana a taka ta fashe. Don haka ne a ke son sabon kankare ya yi aƙalla kwana 28 kafin a rufe shi, don haka ne kuma aikin nan na rani ne. Amma sau nawa a ke sakin kuɗin gyara sai ruwa ya riga ya sauka, a ce wa ɗan kwangila ya gama cikin mako biyu?

Wajen mahaɗa kuwa nan ne a ke yin ha'inci mafi yawa, don ba mai gani daga ƙasa. Ƙa'ida ita ce tabarma ta hau 'yar'uwarta da kamar santimita 10 a gefe, santimita 15 a ƙarshe, ta kuma hau jikin rawanin bango da aƙalla santimita 15, a cusa bakinta cikin tsagi a toshe. In aka cire abin da mahaɗa ke ci, naɗi ɗaya bai cika rufe murabba'in mita 9 ba. Ashe ke nan rufin nan namu mai murabba'in mita 200 yana bukatar naɗi 23, ban da na jikin bango da na bakin indararo. In shugaban makaranta ya ga an sauke naɗi 20 daga mota aka ce sun isa, to, ya sani daga mahaɗa za a ciro sauran. Haka nan in takarda ta ce milimita 4 aka kawo mai 3, ko aka kawo wadda ba ta da suna ko lamba a jikinta. Araha dai ba ta ado.

Akwai kuma batun rana, wanda masu sukar kwalta ke kafa hujja da shi. Gaskiya ne baƙin rufi a tsakar rana cikin bazara ya kan ɗauki zafi fiye da digiri 70, hasken rana kuma yana cin kwalta sannu a hankali. Amma wannan ma da maganinsa. Irin APP ya fi dacewa da ƙasa mai zafi kamar tamu. Sa'an nan ba a barin tabarma tsirara: ko a sayi wadda aka yayyafa wa ƙananan tsakuwa tun daga masana'anta, ko a shafa mata fenti mai launin azurfa a riƙa sabuntawa, ko a rufe ta da dāɓe ko falalen siminti in wurin da a ke takawa ne. Wanda ya bar ta baƙa ƙirin a rana, sa'an nan ya zargi Turawa, bai yi adalci ba.

Kada kuma a manta da wuta. Harshen wutar gas ɗin nan ya wuce digiri 1,000, ya kan kuma shiga ta tsagi ya kama katako ko shara a inda ido ba ya gani, ya yi ta ci a ɓoye, sai bayan ma'aikata sun tafi gida gobara ta tashi. A Amurka akwai takardar shaida ta musamman ga masu riƙe wannan wuta, ƙa'idarta kuwa ita ce a bar mai tsaro a kan rufi har awa 2 bayan an kashe wuta. A Ingila ƙungiyar masu kwangilar rufi ta fito da wata ƙa'ida a 2017, ta ce kada a kusantar da wuta ƙasa da milimita 900 daga abin da ke iya kamawa. A wurinmu, inda hunturu ke busar da kome ya zama kamar harawa, wannan ya fi zama wajibi. Kada a kuskura a gasa tabarma kai tsaye a kan katako ko azara. Irin wannan wuri akwai tabarma mai liƙewa da kanta, akwai wadda a ke mannawa da gam mai sanyi, su ya kamata a nema.

Sharaɗi na uku shi ne wanda muka fi sakaci da shi, watau kulawa. A dā, bazara tana yi, kowane maigida zai hau soronsa ko ya kira magini, a cire ciyawa, a toshe tsaga, a gyara indararo, a sake yaɓe inda ya zaizaye. Ba wanda ya ke jira hukuma ta tuna masa, domin mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Ginin Gwamnati kuwa ya zama maraya. Da yawa ba su da ko tsanin hawa. Mai sa tankin ruwa ya hau ya ja ƙarfe a kan tabarma, mai sa faifan hasken rana ya huda ta da ƙusa, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ya bar tarkacensa, har bishiya ta tsiro a bakin indararo ba wanda ya sani. Ɓarnar kuwa ba ta tsaya ga ɗigar ruwa ba. In ruwa ya kai ga rodin da ke cikin kankare, sai ya yi tsatsa, tsatsa ta kumbura ta fasa kankare daga ciki, ɓaraguzai su fara faɗowa. Gyaran da a ke iya yi da guntun tabarma da rabin yini, sai ya koma batun rushe rufi, ko ma asarar rai.

Waɗansu za su ce, tun da abin yana da wuya haka, me zai hana a kafa katako a bisa dekin a buga kwano kowa ya huta? An kuwa yi haka a gine-gine da yawa. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, mu ma mun yarda cewa ƙaramar makarantar ƙauye, inda babu gwanin aiki kusa, babu kuma kuɗin kulawa, rufin kwano mai gangara ya fi mata. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma kwano ma da nasa ciwo, kowa ya san yadda iskar farkon damina ke yaye rufin ajujuwa. Ban da haka, babban asibiti ko sakatariya mai faɗi, mai tankuna da na'urori a kai, ko ginin da a ke niyyar ƙara masa bene nan gaba, ba ko da yaushe ne kwano zai yi masa ba. Gine-ginen kankaren nan kuwa suna nan tsaye, dukiyar jama'a ce aka zuba, tilas a san yadda za a tsare su.

To, me ya kamata a yi? Shawararmu ga Ma'aikatun Ayyuka na jihohi da ƙananan hukumomi ita ce kamar haka. Da fari, kada a ba da kwangilar liƙe rufi sai injiniya ya hau da kansa ya auna gangara, ya ƙidaya indararo, ya rubuta irin tabarma da kaurinta da yawan naɗi cikin takardar kwangila. Na biyu, a tsara aikin ya faɗo tsakanin Nuwamba da Afrilu. Na uku, kada a biya kuɗin ƙarshe sai an yi gwaji: a toshe indararo, a cika rufin da ruwa kamar santimita 5, in injiniya ya tabbatar ginin zai ɗauka, a bar shi kwana ɗaya ko biyu, a shiga ciki a duba. Wannan gwaji ba ya karɓar cin hanci. Na huɗu, a riƙe wani kashi na kuɗin ɗan kwangila har rufin ya ga damina guda cikakkiya, a kuma karɓi alkawarinsa na shekaru a rubuce. Na biyar, kowane shugaban makaranta ko asibiti a ba shi tsani da ɗan kuɗi da littafi, a hau rufi sau biyu a shekara, kafin ruwa da bayansa, a rubuta abin da aka gani.

Hukumomin da za su taimaka kuwa muna da su. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya ita ce ta dace ta tsare ƙofa, ta hana tabarma mara suna shiga kasuwa. Hukumar Ilmin Fasaha ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1977 mai hedkwata a Kaduna, da Asusun Horar da Ma'aikata na 1971, su sa liƙe rufi cikin sana'o'in da a ke koyarwa a ke kuma ba da takardar shaida, yadda samarinmu za su sami abin yi mai daraja. Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi, wadda ke nan tun 1978, ta gwada mana irin da ya fi jure ranar Sakkwato da Maiduguri. Ƙasar nan ma Allah bai hana ta kwalta ba. Akwai ta jibge a ƙarƙashin ƙasa a jihohin Ondo da Ogun da Edo da Legas, har wani kamfani ya yi haƙa a yankin kafin yaƙin 1914, matatar mai ta Kaduna kuma, da aka buɗe a 1980, an gina ta da sashen fid da kwalta. Amma wannan magana ce ta wata rana.

Abin da ke gabanmu yanzu bai kai haka wuya ba. Ba ya bukatar sabuwar doka ko bashi daga waje, sai dai injiniya mai hawa tsani, da ɗan kwangila mai jin tsoron Allah, da shugaba mai ɗaukar ginin Gwamnati kamar ɗakin da 'ya'yansa ke kwana. Muna roƙon waɗanda alhakin ke wuyansu su sa a hau rufin kowane asibiti da kowace makaranta a duba tun rani bai ƙare ba. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kuma tsare mu daga sharrinta, amin.